Sunan da Aka Buga a Idon Sawu

Zuwa ga ɗiyata, Sarauniyar Tambaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar matata, Innarki, da ke yi mata tsiya in ta daɗe a tsaye. Na ce ta kawo in sauya mata da sabuwa kyauta, ta ce Allah ya raba ta da alherina. Kunnena kuwa injin gurza ya gama da shi, shi ya sa ba na kiran waya. In na kira ki, ke ki yi ta bayani ne ni in yi ta cewa na'am. Don haka na rubuta a takarda, Innarki za ta ɗauki hotonta ta tura miki.

Na san za ki ce wannan Kawun da rabonsa da ni tun ina 'yar makaranta, yau me ya tuno masa da ni? Da gaskiyarki. Ni da mahaifiyarki kaka muka haɗa, kuma ban riƙe zumuncin yadda ya kamata ba. Ita ce ta ce mini aikinki a can na masu ajiye wa mutane shafi ne a intanet, na ce to ashe maganin yana cikin gida.

Kin san sana'ata, ƙafar roba nake ƙerawa, har sunana ya ɓace kowa sai Mai Ƙafa. Shekarun baya wani wakilin kamfani ya shigo shagona da jakarsa, bakinsa kamar zuma. Ya ce shago yana tashi, lambar waya tana ɓata, amma sunan shafi naka ne har abada. Maganar ta shige ni, don a lokacin layin wayata ya lalace, mutane suna ta nemana ba su samu. Ya buɗe mini shafi, da hotunan aikina da kwatancen shago. Ni kuma na sa maƙeri ya yi mini hatimin ƙarfe. Duk ƙafar da na gama, sai in gasa hatimin in buga sunan shafin a daidai idon sawu.

Ba don ado na yi ba. Ƙafar roba ba a saya a tafi ke nan. Dungu, wato abin da ya rage na ƙafar mutum, yana ramewa yana kumbura, yaro kuma yana girma. Dole mai ita ya dawo in gyara mazaunin da dungun ke shiga, in ba haka ba ta goge masa fata ta zama gyambo. Mutanena kuma a warwatse suke, wasu daga nesa ƙwarai suke zuwa, sai shekara ta juyo.

To an rushe layinmu don faɗaɗa titi. Mai walda da mai shayi da telan da ke maƙwabtaka da ni kowa ya kama gabansa, ba wanda za a tambaya. Na koma bayan kasuwar katako, a wani lungu da ko ni sai na yi ɓatan kai. Yanzu wanda ke nemana ba shi da hanya sai wannan suna da ke jikin ƙafarsa.

Abin da ya sa na neme ki, takardar biyan da suka aiko bana, kamar ta bara, ta cika da abubuwan da ban roƙa ba: wai kariya, wai tsaron suna, wai ajiyar kwafi. Na kuma nemi shaidar cewa sunan nawa ne, kullum sai su ce ana kan aiki. Sun ce lokacin sabuntawa ya kusa. Ki duba mini in mutanen kirki ne. Babu gaggawa, sai kin samu sarari.

Kawunki, Mai Ƙafa

*

Kawu,

Ina gaishe ka da ladabi, ina gaida Inna, Allah ya ba ta sauƙin gwiwa. Wallahi da na ga rubutun hannunka sai da na yi dariya ni kaɗai a ofis. Har yanzu kana kirana da sunan nan? Ai kai ne ka jawo, kai kaɗai ne babban da ba ya korata in na dame shi da tambaya. Muna lafiya, sai dai jikina ya yi nauyi, likita ya ce in rage zirga-zirga. Maigidan yana gaishe ka, ya ce in ka zo zai ba ka aron kunne ɗaya.

Na duba, Kawu, kuma abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Akwai rajistar da kowa ke iya leƙawa ya ga wanda ke riƙe da sunan shafi. Sunanka ba ya ciki. Wakilin nan da sunan kamfaninsu ya yi rajista. Kai kake biya duk shekara, amma a takarda su ne masu shi. Kuma sun kulle shi yadda ba za a iya ɗauke shi zuwa wani kamfani ba sai sun ba da wata lambar sirri.

Maganar har abada kuwa ƙarya ya yi maka. Ba a sayar da sunan shafi, haya ake bayarwa shekara-shekara. Kamfanin kirki zai gaya maka haka tun farko, ya sa sunanka a rajista, ya bar ka ka tafi duk ranar da ka so. Waɗancan ƙare-ƙaren da suka lissafa maka, yawancinsu abubuwa ne da ake ba mutum kyauta ko kuma ba ya bukatarsu sam.

Ba zan ɓoye maka ba, ko inda nake aiki ba waliyyai ba ne. A teburina akwai takardar da aka koya mana abin da za mu faɗa wa duk wanda ya kira yana son barinmu. Kada a ce masa a'a, a yi ta yi masa tayi, a tura shi wani sashe, har ya gaji. Amma namu ba su kai ga riƙe sunan mutum ba.

Ga abin da nake so. Kada ka ƙara ba su komai sai na gaya maka. In ka biya yadda suka rubuto, ka amince da duk tarkacen nan ke nan na wata shekara. Inna ta turo mini hoton duk wata takarda da suka taɓa ba ka. Zan rubuta musu da harshen da suke ganewa, in karɓo lambar, mu mayar da sunan hannunka. Tunda ka ce ba gaggawa, bari in gama da wani aiki da ya sha mini kai a wannan watan.

Ɗiyarka

*

Ɗiyata,

Mahaifiyarki ta gaya mana kin sauka. Allah ya raya, Allah ya ba ki lafiya ke da shi. Ta ce ya zo kafin lokacinsa, yana cikin kwalba, ke kuma an yi miki aiki. Innarki ta yi kuka, ta kuma yi dariya da aka ce duk ƙanƙantarsa yana harbi da ƙafa. Na ce a gaya masa ya riƙe su da kyau, ba na son ciniki daga cikin gida.

Ki ci abinci, ki yi barci in an bar ki. Kada ki bari maigidan ya yi ta tsayuwa a bakin ƙofa ba ci ba sha, na san irinsu.

Takardun kuwa Innarki ta tura tuntuni. Zancen nan namu yana nan yadda kika bar shi, kada ya dame ki.

Kawunki

*

Ɗiyata,

Da fatan jiki ya yi kyau, an ce an sallame ku kun koma gida. Mun gode Allah. Mu ma lafiya, amma ban iya jan gaisuwa yau ba, raina a ɓace yake.

Sunan ya tafi. Wani direba ya kawo ƙanensa awo, Innarki ta ce bari ta nuna musu hotunan aiki a wayarta. Ta buga sunan, sai ga shafin caca, fitilu suna walƙiya, ga 'yan mata rabi tsirara suna miƙo kati. Ta kife wayar a cinyarta. Direban ya ce, a'a, Mai Ƙafa, ashe ka buɗe reshe? Shi wasa yake yi, ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na tafi ofishinsu. Bene na biyu, sanyin na'ura, kujeru a jere, ga furen roba a kan kanta ya sha ƙura. Wakilin nan an ce ya daɗe da barin aiki. Wata yarinya ce a kantar, na ce mata ba na ji, ta riƙa rubuta mini amsa a bayan wata takarda. Ta rubuta cewa wa'adi ya wuce. Na ce me ya sa ba ku gaya mini ranar ba? Ta rubuta cewa sun aika gargaɗi ta imel. Na ce wane imel? Ashe wani akwati ne da su da kansu suka buɗe mini a jikin shafin, wanda ban taɓa sanin da shi ba, kuma suka rufe shi ranar da wa'adin ya cika. Gargaɗin ƙarshe cikin rufaffen akwati suka jefa shi.

Na ce to ga ni, zan biya, har da tara. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito ta rubuta cewa sunan ya riga ya tafi gwanjo, wani ya saya, ba ya hannunsu. Na ce to hotunana da bayanan aikina, ai na biya ajiyar kwafi bara. Ta rubuta cewa kwafin yana tafiya ne tare da shafin. Na tambaye ta to kwafin mene ne amfaninsa? A nan ta ajiye biron, ta ƙi kallona. Ban yi mata faɗa ba, 'yar wani ce, an zaunar da ita ne ta tare ƙofa.

Ba hotunan ne suka dame ni ba. Ki tuna inda na buga wannan suna. Yana jikin liman, yana jikin 'yar makaranta, yana jikin tsohuwar da ke sayar da gawayi. Da hannuna na gasa ƙarfe na buga wa bayin Allah tallar caca a ƙafa, kuma ba ya gogewa. Wanda ƙafarsa ta fara cinsa ya nemi inda nake, abin da zai gani ke nan.

Na bi maganarki, ban ba su komai ba. Sau biyu na ɗauki kuɗin zan fita, sai in tuna kin ce sai kin gaya mini, in mayar.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaron yana samun ƙarfi, ni ma ɗinkin ya kama. Na karanta wasiƙarka sau ba adadi, kuma layin ƙarshe ya hana ni sukuni. Na ji kana cewa ni na jawo. Wataƙila haka ne. Amma Kawu, ka ce babu gaggawa. Ka sake rubutowa ka ce kada ya dame ni. Ni kuma na ɗauka akwai watanni a gaba. Da ka rubuta mini cewa kwanaki suka rage, wallahi ko daga gadon asibiti zan sa maigidan ya biya su, tarkacen da duk. Takardun da Inna ta turo ban buɗe su ba sai shekaranjiya, ranar kuwa tana rubuce a ƙasan ɗaya, da ƙananan baƙaƙe. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ka yafe mini.

Na bi sawun wanda ya saya. Ba baƙo ba ne. Wani kamfani ne mai suna daban, amma adireshinsa ginin da ka je ne, bene ɗaya. Haka suke yi. Suna ganin sunan da mutane ke yawan nema, su bar shi ya faɗi, hannun dama ya miƙa wa na hagu. Sai su ba masu caca haya, don duk wanda ya zo nemanka a hannunsu zai faɗa. Na rubuta musu kamar mai son saya, farashin da suka yanka ko shagonka da injinan ciki aka sayar ba zai kai ba. Sun san ba ka da wani sunan da za ka koma, yana jikin mutane.

Akwai hukumar da ake kai ƙara, na shigar. Sai dai tunda a rajista ba ka taɓa zama mai shi ba, ba na so in sa maka rai. Abin yana ɗaukar lokaci, kuma su suna da lauyoyin da aikinsu ke nan.

Abin da za mu iya yanzu shi ne sabon suna, da sunanka a rajista, a wani kamfani da na yarda da shi. Ka zaɓi wanda kake so ka rubuto mini a takarda. Don Allah kada kowa ya gwada shi a akwatin binciken shafinsu don ya ga ko ba mai shi. Suna kallon abin da ake bugawa a wurin.

In ka yi fushi da ni ka faɗa mini kai tsaye, zan fi iya ɗauka.

Ɗiyarka

*

Ɗiyata,

Lafiya muke, Allah ya ƙara wa yaron ƙarfi. Wayar Innarki ta faɗa bokitin filasta, sai da aka yi kwanaki kafin mai gyara ya tashe ta, shi ya sa wasiƙarki ta iske mu a makare.

Ke dai har yanzu yarinya ce. Ni da zan yi fushi da ke ai sai ki ji a jikinki, ba a ƙasan takarda zan ɓoye shi ba. Na gaya miki ban biya ba ne don ki san inda aka tsaya. Ranar kuwa ni ma ban san ta ba, ƙananan baƙaƙen nan sun fi ƙarfin tabarauna, kusa kawai aka ce mini. Babu gaggawa da na rubuta, haka aka koya mini roƙo. Mutumin da ya yi shekaru bai neme ki ba, ya zo da bukata, da wane baki zai ce ki yi sauri? Da kuma na ji ɗanki yana cikin kwalba, in tambaye ki zancen shafi? Ni na yi kara, ke kika gaskata ni, ba wanda ya yi mugunta a cikinmu. Masu muguntar suna bene na biyu suna shan sanyi.

Gargaɗinki kuwa ya zo bayan an gama. Innarki, da zafin zuciyarta, ta ce ai suna ba ya ƙarewa a duniya. Tun kafin wayar ta faɗa bokitin ta shiga shafinsu ta buga wani da muka zaɓa tare, aka ce mata ba mai shi, ana iya saya. Muka ce da safe ma saya. Da safe aka ce wani ya riga mu, amma yana sayarwa in muna so. Ta zage su tas, ni ban ji ba, amma na ga bakinta. Ga wani na rubuta a bayan takardar nan, ni da ke da Innarki mai ɗaukar hoton da Allah kaɗai muka san shi.

Tun da abin ya faru nake lissafa mutanena a zuci, wane ya kusa dawowa, wance ɗanta ya isa sauyi. Wasu sun iso da tambaya a kasuwa. Wadda ta tsaya mini a rai wata malamar lissafi ce. Ciwon suga ya ci mata ƙafa, aka yanke a ƙasan gwiwa, ni na yi mata ta farko. An yi mata sauyin makaranta zuwa wani gari mai nisa. Mai suga ba ya jin ciwo a fata da wuri, sai abu ya yi nisa. Lokacin gyaranta ya wuce, kuma mace ce da ba ta saɓa alkawari. Lambar da nake da ita ba ta shiga.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ku da kyau. Wasiƙarka ta sauke mini dutse daga ƙirji, na gode. Yaron ya fara murmushi, ko da yake maigidan ya ce iska ce a cikinsa.

An yi rajistar sabon sunan, kai ne mai shi, hoton shaidar yana tare da wannan. Na sa ranar sabuntawa a wayata da ta maigidan, ku ma ku rubuta ta a bangon shago da manyan baƙaƙe. A shafin na sa kwatancen shago da lambar Inna. Hotuna sai ku ɗauki sababbi.

Sai dai sabon suna ba ya zuwa wurin wanda ke sanye da tsohon. Na rubuta wata 'yar sanarwa, a buga ta a kai asibitocin ƙashi da wuraren gashin ƙashi, a liƙa inda masu jira ke zama. Na kuma aika wa ofishin ilimi tambayar inda aka kai malamar, ba su amsa ba tukuna. Hukumar ƙara ta ce ta karɓa, shi ke nan abin da ta ce.

Na koma aiki. Jiya wata mata ta kira tana son ɗauke sunan shagonta daga wurinmu. Takardar nan tana gabana, na juya ta, na karanta mata lambarta ta sirri a hankali har ta rubuta. Shugabar sashenmu ta kira ni ta ce ana sauraren kiran. Na ce na sani. A da in na ga suna a kwamfuta, layi ne kawai a cikin dubbai. Yanzu sai in tsaya ina tunanin a jikin me aka rubuta shi.

Ɗiyarka

*

Ɗiyata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da ɗan saurayinmu. Mu jiki lafiya. Sanarwar ta yi aiki, mutane sun fara zuwa, duk wanda ya zo ina gurje tsohon sunan in gyara masa mazauni. Ki kula da aikinki, kina da jariri, amma ban ce kin yi laifi ba.

Malamar ta zo. Ƙanwarta ce ta ga takardar a bangon asibiti. Ina cikin cakuɗa filasta na ga an tsaya a ƙofa an tare haske. Na ɗago, sai ga ta a kan sanduna biyu, ta rame, ƙafar da na yi mata tana cikin leda a hannun ƙanwar. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Mai Ƙafa, ashe kana da rai."

Innarki ta zaunar da ita, ta riƙa maimaita mini abin da ban ji ba. Ta ce ƙafar ta fara yi mata sako-sako, sai ta yi niyyar zuwa a hutun makaranta. Ta zo tsohon layin, ta tarar da kwalta. Ta koma, ta buga sunan a kwamfutar ɗakin malamai, abokan aikinta suna zaune, sai abin nan ya cika allon. Ta ce kunyar da ta ji ba ta taɓa jin irinta ba. Ta sake gwadawa a gida ko ta yi kuskuren baƙi, ta cire ƙafar ta ɗora a cinya tana kwafa ɗaya bayan ɗaya. Da abin ya sake fitowa, sai ta yanke cewa na mutu ne magada suka sayar. Har addu'a ta yi mini.

Jarrabawa ta matso, ba ta so ta bar ɗalibanta. Wani mai gyaran takalmi ya cusa mata soso a ciki, ta ci gaba da tsayuwa a gaban allo. Ba ta ji zafi ba, wari ta fara ji. Kafin a kai ta asibiti ciwon ya hau.

Na ce ta ɗage zanen in gani. Ɗiyata, gwiwar babu, an sake yankewa a samanta. Gwiwar da ni da likita muka yi ta murnar an tsirar, don mai gwiwa yana hawa bene, yana durƙusawa, yana tafiya ba a gane shi. Gyaran da take bukata a lokacin nan aikin rabin yini ne, in gurza nan in cike can, ta sha shayi ta koma. Na riƙe tef ɗin awo na kasa miƙa shi. Ita ce ta riƙa ba ni haƙuri, wai ƙaddara ce. Na ce mata na yarda da ƙaddara, amma wannan da hannun mutane a ciki, kuma na ga ofishinsu.

Ba ta zargi kowa ba, ke ma ban yarda ki ɗora wa kanki ba. Na gaya miki ne don kin ce in riƙa faɗa miki magana kai tsaye. In hukumar nan ta tambayi abin da aka yi asara, kada ki ce musu suna ne kawai. Ki gaya musu abin da na rubuta miki a nan.

Na yi awon. Na yi odar gwiwar ƙarfe, ta iso, na haɗa, ta zauna daidai. Za ta zauna wurinmu har ta saba, Innarki ta gyara mata ɗaki. Ta tambaye ni ko za ta iya komawa aji kafin ɗalibanta su fita. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Gobe da safe zan sa ta tsakanin ƙarafan nan biyu na riƙewa, mu fara koyon tafiya daga farko.

Ki sa ta a addu'a.

Kawunki, Mai Ƙafa